Wannan rubutun satifiket da ake kira Old English, daga ina ya fito, kuma ya zan yi da ƙ?

MaiDizain_Fagge:

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana ku taimaka min. Ni aikin dizain nake a wani ɗan shagon buga katuna, katin biki, kalanda, fosta, satifiket da dai sauransu. Jiya wani shugaban Islamiyya ya kawo aikin satifiket na ɗalibai 46 da za su yi sauka, ya ce lallai lallai sunan makaranta da sunan kowane ɗalibi sai an rubuta da "wannan rubutun mai ƙayoyi irin na takardar jami'a". Na gane Old English yake nufi, na buɗe CorelDraw na sa Old English Text MT na rubuta sunan makarantar duk da manyan baƙi, wallahi ni da na buga da hannuna na kasa karantawa, kamar kaji sun yi dambe a kan takardar.

Na biyu, rabin sunayen akwai masu lanƙwasa, su Ruƙayya, Siddiƙa, Ɗahiru, da na buga ƙ sai font ɗin ya tsallake ya kawo min wata ƙ daban siririya tana tsaye a tsakiyar suna kamar baƙuwa a gidan biki.

Na uku kuma shi ya fi damuna. Wani abokin aikina ya ce ai wannan rubutun Hitler ne, wani kuma ya ce a'a rubutun coci ne bai dace a sa a takardar saukar Alƙur'ani ba. Ni dai tun ina yaro a satifiket da saman jarida nake ganinsa. Meye gaskiyar abin? Aikin ranar Alhamis za a karɓa.

Baba Mai Fenti:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tarihi ba nawa ba ne amma na yi shekara sama da talatin ina rubuta allon shaguna da jikin manyan motoci da burushi, satifiket kuwa kafin kwamfuta ta zo ta ƙwace mana abinci da hannu muke cike sunaye ɗaya bayan ɗaya, to bari in gaya maka abin da hannu ya sani.

Wannan rubutun ɗan alƙalami ne. Ka samo kara ko gora ka feƙe bakin da faɗi irin na masu rubutun allo, kar ka yi masa tsini, ka riƙe shi a karkace kamar rabin kusurwa, kuma kar ka juya shi ko kaɗan har ka gama harafi. Idan ka ja ƙasa layi ya fito da kauri, idan ka ja sama ta gefen dama ya fito siriri kamar gashi, ɗan lu'u-lu'un nan da kake gani a kai da ƙafar kowane harafi ba ado aka ƙara ba, bakin alƙalamin ne da kansa idan ka ɗan ja shi gefe. Tsawon ƙaramin baƙi faɗin bakin alƙalami biyar muke aunawa, farin da ke cikin harafi kuma kusan daidai da kaurin sandar. Shi ke nan sirrin. In ka zauna awa ɗaya da kara da tawada za ka fahimci abin da kwamfuta ba za ta koya maka a shekara ba.

Manyan baƙin kuma, kuskuren da ka yi kowane yaro sai ya yi shi. Ba a yi su don su jeru ba. Kowane babban baƙi a wannan rubutun sarki ne da rawaninsa da alkyabbarsa, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle ka tara ashirin a layi. Ɗaya a farkon kalma, sauran duk ƙanana. Kuma kar ka buɗa tsakanin haruffa, shi a matse yake kyau.

Ummu_Hanan_Mainz:

Baba Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa na alƙalami shi ne tarihin gaba ɗaya a dunƙule. Ni karatu ya kawo ni Jamus, ba ma wannan fannin nake ba, amma garin da nake Mainz nan ne garin Gutenberg, wanda ya fara buga littattafai da haruffan ƙarfe a Turai, duk baƙon da na yi sai na kai shi gidan tarihinsa har bayanin ya zauna min. Zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Da farko sunan Old English ɗin ma ba daidai ba ne, don tsohon Turancin Ingila na asali da wani salon rubutu daban aka rubuta shi. Sunan da masu sana'ar ke kiransa blackletter, wato baƙin harafi, saboda in ka kalli shafin tawada ta fi farin takarda yawa. Jamusawa kuma karyayyen rubutu suke ce masa, kalmar Fraktur ma tushenta ɗaya da kalmar da likitoci ke kiran karayar ƙashi da ita, don duk inda harafi ya kamata ya zagaye sai a karya shi ya yi kusurwa.

Kafin shi, tun zamanin sarki Charlemagne wajen shekara ta 800, Turai da wani rubutu mai faɗi mai zagaye take aiki. Daga shekarun 1100 a arewacin Faransa da Ingila sai haruffa suka fara tsukewa suna miƙewa sama suna matsuwa. Lokacin ne jami'o'i irin su Paris da Bologna da Oxford ke tasowa, ɗalibai na neman littafi, ga shi takarda ba ta wadata ba a fata ake rubutu, fata kuwa tsada, to duk wanda ya iya cusa kalmomi da yawa a shafi ɗaya ya yi riba. Don ku ga tsadar, kwafi ɗaya na Baibul ɗin Gutenberg da aka buga a fata ya ci fatar 'yan maruƙa kusan 170. Akwai kuma yayi a ciki ba tsimi kaɗai ba, zamanin ne suke gina majami'u dogaye masu tsini, ido ya saba da abu tsaye siriri.

Salon da ya fi tsauri sunansa Textura, daga kalmar Latin ta saƙa, kuma da gaske in ka ɗan runtse ido shafin kamar saƙi yake. Matsalarsa i da u da n da m duk sanda iri ɗaya ce ake jerawa. Ɗauki kalmar minimum, sanduna 15 ne a jere kamar shingen kara, ba ka san inda m ta ƙare i ta fara ba. Wannan ruɗanin ne ya sa marubuta suka fara sa ɗan alama a saman i, wadda daga baya ta zama ɗigon da muke sawa yau. Ni wannan ya fi komai burge ni, ɗigon i da muke koya wa yara a firamare gyaran matsalar wannan rubutun ne.

Da Gutenberg ya zo buga Baibul ɗinsa wajen 1455 bai ƙirƙiro sabon harafi ba, Textura ɗin da marubutan yankinsa ke yi ya kwaikwaya, so yake mai saye ya ga kamar da hannu aka rubuta. Shi ya sa ya zuba haruffan ƙarfe kusan iri 290, harafi ɗaya ya yi masa siffa biyu ko uku, ga waɗanda aka manne biyu biyu, ga alamomin taƙaita kalma, duk don layi ya cika cif. Shafi gida biyu, kowane gida layi 42. An buga wajen kwafi 180, guda 49 suka rage a duniya wasu cikakku wasu ba cikakku ba, biyu suna nan Mainz a gidan tarihinsa. Jajayen manyan baƙin da adon gefe da hannu aka zana su bayan an gama bugu, kuma ɗaya ɗaya suke a farkon sashe, daidai da maganar Baba.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, in kana so ka bambance su kalli harafin o kawai. Na Textura gefe biyu duk a karye kamar mai kusurwa shida. Na Italiya da ake kira Rotunda o ɗinsa a zagaye take, su dama ba su taɓa son matsin can arewa ba. Schwabacher tasa ta yi ciki gefe biyu da tsini sama da ƙasa kamar ƙwallon dabino, da shi aka buga Sabon Alkawarin Luther na Jamusanci a 1522. Fraktur kuwa hagu a miƙe dama a lanƙwashe, shi ne autansu, sarki Maximilian na ɗaya ya sa aka yi don littattafansa, littafin addu'arsa na 1513 da aka buga a Augsburg, manyan baƙinsa na da wata jela da Jamusawa ke kira hancin giwa.

Naka na cikin kwamfuta jikan Textura ne ta reshen Ingila. William Caxton ya kafa injin bugu na farko a Ingila, a Westminster, a 1476 da baƙin harafi, Baibul ɗin King James na 1611 ma da shi aka buga, daga baya Ingilawa suka koma harafi mai zagaye suka bar wancan a kanun dokoki da shelar sarki da takardun girma, sai ya zama "na da". Ta nan ya hau satifiket, ta nan kuma ya iso mana. Jaridu irin su New York Times da Daily Telegraph da Le Monde har yau da shi suke rubuta sunansu, don a ce musu tsofaffi ne masu mutunci.

yaro_mai_data:

kai jama'a duk wannan dogon turanci, oga kaje google ka rubuta fancy text ka kwafo ka manna shikenan, ni haka nasa sunana a Facebook da TikTok ko font ban sauke ba

Injiniya_Damagaram:

Ƙanina wancan da ka kwafo ba font ba ne, kuma ba zai yi masa aiki ba. Alamomin lissafi ne. Masana lissafi suna amfani da haruffan Fraktur a wasu darussan aljabara, shi ya sa aka ba su gurbi na daban a Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, tun 2001, kuma A zuwa Z ne kawai manya da ƙanana, babu ƙ babu ɗ babu ɓ balle ƴ da mu a nan Nijar muke rubutawa. Bayan haka duk wanda ya nemi sunanka da rubutu na yau da kullum zai iya rasa ka, manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma ko ta tsallake ko ta yi ta kiran sunan kowace alama ɗaya bayan ɗaya.

Malam mai dizain, abin da ya same ka shi ne an zana font ɗin ne don harsunan yammacin Turai, gurbin haruffanmu babu komai a ciki, sai manhajar ta aro daga wani font. Ba abin mamaki ba ne, su kansu masu lanƙwasar sai a shekarun 1930 suka zauna a boko, lokacin baƙin harafi ya daɗe da zama kayan ado a Ingila. Tunda sunaye 46 ne kar ka tsaya gyara kowanne da hannu. Ka sauke FontForge, manhajar gyaran font ce kuma kyauta ce, ka ɗauko ɗaya daga na Google Fonts irin su UnifrakturCook ko Pirata One, lasisinsu ya yarda ka gyara, ka dai canza masa suna in ka gama. Fara buga ƙ ɗ ɓ ka gani ko akwai, in babu ka kwafi k ka kai gurbin ƙ mai lamba U+0199, d zuwa na ɗ U+0257, b zuwa na ɓ U+0253, ka zana lanƙwasar sau ɗaya ka huta har abada. Old English Text MT ɗinka da ke zuwa da kayan Microsoft kar ka buɗe cikinsa, lasisinsa daban ne, shi sai dai ka mayar da rubutun zane a CorelDraw ka gyara a nan.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Ni tambaya ta uku nake jira a amsa. Hajiya da bakinki kin ambaci Baibul sau uku ko huɗu, to ashe abokin nasa bai yi ƙarya ba kenan. Ba ina cewa haramun ba ne, ni ba mai fatawa ba ne, amma me zai hana a yi sunayen da ajami a yi zayyana a gefe irin tamu? Mun fi kowa iya kwalliyar allon sauka.

Ummu_Hanan_Mainz:

Allah gafarta Malam, shawarar ajami da zayyana ni ma ta fi min kyau in mai aikin zai yarda. Amma maganar coci, a wancan zamanin shi ne rubutun kowa da komai, littafin shari'a, na likitanci, lissafin 'yan kasuwa, tatsuniya. Fassarar Latin ta Alƙanun na Ibn Sina da Gerard na Cremona ya yi a Toledo, da wannan rubutun ɗaliban likitanci a Turai suka yi ta kwafarta. Sannan wannan bokon mai zagaye da ni da kai muke bugawa yanzu, shi ma daga hannun 'yan zuhudun Kirista ya fito, na zamanin Charlemagne ɗin nan. Malaman Florence irin su Poggio Bracciolini ne wajen 1400 suka tono shi a tsofaffin littattafai, Nicolas Jenson ya zuba shi a ƙarfe a Venice a 1470. Malaman Italiyan nan ne ma suka laƙaba wa baƙin harafi sunan Gothic, kuma zagi ne, kamar a ce rubutun ƙauyawa marasa wayewa, alhali ƙabilar Goth ɗin ba ta san ma an yi shi ba. In dai asali za a bi to duka biyun gida ɗaya suka fito.

Na Hitler kuma ya fi ban dariya, don shi ne ya kashe shi. Jamus ta riƙe Fraktur kusan shekara ɗari huɗu, har bayan maƙwabta sun watsar, jarida da littafin makaranta da kuɗi duk da shi, har ya zama kamar tutar ƙasa. Bismarck ya sha cewa shi ba ya karanta littafin Jamusanci da aka buga da harafin Latin. A 1911 sai da majalisarsu ta zauna ta yi zazzafar muhawara a kan wane harafi za a bi, Fraktur ya tsira. Da 'yan Nazi suka hau a 1933 sun rungume shi da gaske, aka fito da wasu sababbi masu kaushi marasa ado irin su Tannenberg da suka cika fastoci, har ake musu laƙabi da masu takalmin soja, waɗannan ne abokinka ya gani a finafinan yaƙi. Kwatsam ranar 3 ga Janairun 1941 Martin Bormann, ɗaya daga manyan jami'an Hitler, ya fitar da takarda da umarnin Hitler cewa a daina, wai haruffan Yahudawa ne, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Dalilin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne sun mamaye ƙasashen da mutanensu ba sa iya karanta umarnin da aka liƙa musu. Kuma kan takardar da aka hana Fraktur ɗin da ita, da baƙin harafi aka buga shi.

Abin da ya biyo baya ni tausayi yake ba ni. An daina koyar da shi da rubutun hannu na Sütterlin da ke tafiya da shi, yau sai ka ga Bajamushe da digiri ya kasa karanta wasiƙar kakarsa. Akwai doguwar s da ke kama da f, akwai k ɗinsu da ba ta kama da k ko kaɗan, ni da na fara ɗaukar tsohon littafi a kasuwar gwanjo sai na ga kamar duk kalmomin f ne. Yanzu a nan sai a allon tsofaffin tituna, kantin magani, kwalaben giya da saman jaridar Frankfurter Allgemeine. Gaskiya har yanzu akwai 'yan wariyar launin fata da ke sa shi a riguna, shi ya sa Bajamushe yakan ɗan ɗaga gira in ya gan shi a wani wurin. Amma tsallaka Meziko ka ga shi a allon mai gyaran taya da mai sayar da abinci, a Los Angeles a jikin bango da zanen fata, mawaƙan gambara da na kiɗan da ake kira metal kowa ya ja shi gefensa. Kowace ƙasa da abin da take gani a cikinsa, mu namu satifiket ne.

MaiDizain_Fagge:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa abokin nawa maganar 1941 ya yi shiru ya ce zai bincika. Na mayar da sunan makaranta babban baƙi ɗaya a kowace kalma, tuni ya karantu. Malam na kai wa shugaban shawararka ya ce a sa sunan makaranta da Larabci a sama da zayyana, amma sunan yara dole da mai ƙayoyin, wai iyaye shi suke so su rataye a falo.

Injiniya FontForge ɗin ya ɗan wahalar da ni daren jiya amma ƙ da ɓ sun fito, kan f na yanko na ɗora musu. Inda na maƙale babbar Ɗ ce. D ɗin font ɗin dama tana da wata jela a hagu daidai inda lanƙwasar za ta zauna, in na ƙara sai ta cushe, in na bari Ɗahiru ya koma Dahiru.

Baba Mai Fenti:

Kan f ɗin da ka yanko daidai ne, alƙalami ɗaya ya haife su. Ita D kar ka ƙara mata komai, cire za ka yi. Goge jelar tata ta asali da siraran layukan ciki, ka bar sanda da ciki kawai, sannan ka ja lanƙwasar da kauri daga saman sandar ta sauko hagu ta ƙare da ɗan lu'u-lu'u. Ka fara gwadawa da kara a takarda kafin ka taɓa linzamin kwamfuta. In ka buga guda ɗaya ka miƙa wa yaron da ke kawo muku shayi, in ya karanta Ɗahiru ba tare da ya tsaya ba ka buga sauran, in ya yi jim ka turo min hoto in gani.